Zartsin Famfo da Wankan Ɗiyata

In ka tari ruwan famfon unguwarmu a kofin gilashi, sai ka rantse da Allah ruwan sama ne. Garau yake, ba laka, ba tsutsa. To kurɓa ka ji. Wani zartsi ne zai kama maka harshe ya bi maƙogwaro, kamar ka lashi bangon siminti. Ka sa sabulu ka yi ta cuɗa har hannu ya gaji, kumfa ba ta tashi, sai wani abu dusa-dusa da ke taruwa a bakin bokiti. Wake kuwa in ba a danna mashi kanwa ba, sai yara su yi barci da yunwa yana nan a tukunya kamar tsakuwa.

Ni ba da irin wannan ruwa na tashi ba. A Birchi aka haife ni, inda ruwan rijiyar gidanmu in ka sha sai ka nemi ƙari. Boko na bar shi a aji uku na sakandare da mahaifinmu ya rasu, na biyo motar hatsi na zo Dutsin-Ma na kama awo a kasuwa, kuma har yau awon nake yi. Da na samu na yi ɗaki biyu da zaure, a bayan gari na yi su, kan fako da duwatsu, don nan ne filin talaka yake. Shekarar da muka tare an zo an haƙa rami a layinmu, an binne bututu, an tsaya da manyan riguna an ɗauki hoto, an tafi. Ga dam can kwance, ruwa fal, har kifi ake kamawa ana kawo mana kasuwa. Kifin ya iso unguwarmu, ruwan bai iso ba. Sai wani Alhaji mai shagunan siminti ya haƙa burtsatse a ƙofar gidansa, ya ɗora tankuna sama, ya ja bututu gida-gida, kowa ya riƙa biyan shi a wata. Famfonmu ke nan. Masu kurar ruwa ma can suke ɗiba, don haka ko ka yi zuciya ka ce na jarka za ka saya, shi ɗin dai za a turo maka.

Butar lantarki da ƙanena ya kawo mani tsaraba daga Umra, mai sheƙi, wadda har maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, ba ta ga azumi biyu ba. Farin ƙanzo ya fara kama mata gindi, ya yi kauri, ta riƙa daɗewa kafin ta tafasa tana wani gurnani, rannan ta yi tas ta mutu. Shayin da ta riƙa ba mu kafin ta mutu, da haƙori ake tace shi. Dutsen guga mai feshin ruwa ya tofa mani farin gari a gaban shuɗiyar rigata ranar Juma'a, ana ta kiran salla, dole na sa tsohuwa na tafi. Kan famfo kuwa na gaji da canjawa. Daga ciki yake toshewa, ruwa ya riƙa fita kamar fitsarin tsoho, in ka kwance sai ka ga ramin ya cike da farin dutse. Duk wannan na haɗiye. Kaya ne, ana yin wasu. Abin da ban haɗiye ba, kuma ba zan haɗiye ba har a sa ni a rami, shi ne wankan jegon ɗiyata.

Ɗiyar fari ce. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ko tana jaririya. In na dawo da tsire sai in miƙa wa ƙannenta in ce su raba da yayarsu. In ta yi zazzaɓi, a zaure nake tsayawa in tambayi uwarta, "Yaya mai jikin?" kamar ɗiyar maƙwabci nake tambaya. Haka na ga ubana ya yi wa babban yayanmu, haka na yi, kuma ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Aka yi mata aure da wani yaro ɗan Kurfi mai shagon taki da maganin feshi, yaro mai hankali, ba ni da ta cewa a kansa. Ranar da aka kai ta ina kasuwa, da gangan.

A wurinmu haihuwar fari ce kaɗai ake maido yarinya gidan ubanta ta yi wanka har arba'in. Daga ita shi ke nan, ta biyu da ta uku a ɗakinta za ta yi. To ni wannan arba'in ɗin na sa wa rai tun da aka ce tana da ciki. Zama in yi hira da ita ba ya cikin abin da nake nema, wannan ba mai yiwuwa ba ne. In dai ji tarinta ta bayan labule. In ji tana yi wa ƙannenta faɗa kamar da. In fito zan tafi masallaci in ga takalminta a bakin ƙofa. Iyakar abin ke nan. Na sa aka shafe ɗakin uwarta da fenti, na sayo sabuwar leda aka shimfiɗa, na ce gyaran salla ne, alhali salla da saura.

Ta haihu lafiya cikin bazara, mace. Bayan suna aka kawo su. Akwai wata tsohuwa a Tamawa, gwaggon mijin, ita ta raine shi tun da uwarsa ta rasu. Tun ranar suna take cewa da an bar mata yarinyar ta yi mata wankan da hannunta, don mutanen gari ba su iya wanka ba. Aka yi dariya, aka ce Gwaggo da ban dariya take. Ashe ita har cikin ranta take faɗi.

Itacen wanka a wuyan miji yake. A da amalanke guda ake saukewa a ƙofar gida, duk mai wucewa ya san an yi haihuwa. Yanzu wa zai shiga dajin yamma saran itace, a yadda daji ya zama? Yaron ya zo da 'yan ɗaurin itace a bayan babur, da wani kwali. Ya cire takalmi ya durƙusa a zaure.

"Baba, itacen ne ya yi wuya. Na ce tunda layinku ana samun wuta, ga wannan a riƙa taimakawa da shi."

Hita ce babba, mai ƙarfe murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, irin wadda ake tsomawa a duro. Gaskiya ne muna samun wuta safe da yamma, ba don halinmu ba, don wani babba yana da gidan saukar baƙi a layinmu. Na juya ta a hannu. Na san abin da ruwanmu ke yi wa irinta. Amma me zan ce wa suruki? In ce mashi ruwan gidana ba ya da kyau, ranar da ya kawo mani matarsa da ɗiyarsa? Na ce Allah ya yi albarka.

Wankan jego ba irin wankan da ka sani ba ne. Duro guda ake tafasawa da safe, guda da yamma, a karyo ganyen bedi, darbejiya ke nan, a riƙa tsomawa ana fyaɗa wa mai jego ruwan a jiki tun yana ƙuna. Uwarta ce ke yi mata. Ita ma da kunyar fari a wuyanta, amma mace aiki yakan tilasta mata, sai dai ka ji tana cewa, "Ke, juyo," "Ke, daure mana," ba suna. Itacen ya tafi wajen kunun kanwa da gashin nama, hita ta ɗauki duro.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Jika ba a kunyarta. In na dawo kasuwa sai in shimfiɗa buzu a tsakar gida in ce a miƙo mani amaryata, in ɗaga murya yadda za a ji har cikin ɗaki.

"Ke amarya, wa ya taka maki hanci haka? To ni ba na auren mai barci. Kin ci abinci kuwa yau, ko a gidan nan rowa suke maki? In kilishi kike so ki faɗa, gobe in taho da shi."

Matata ta ce daga bakin murhu, "Malam, amaryar da ko haƙori ba ta da shi?"

"Ina ruwanki? Tsakanina da ita ne."

Sai in ji dariya ƙasa-ƙasa ta bayan labule. Washegari in taho da kilishin. Kowa a gidan ya san wanda zai ci.

Ba a yi nisa ba ruwa ya fara nuna halinsa. Hita ta yi fari fat, ƙahon nan ya yi kauri kamar an tsoma shi a ƙullu. Ruwan da ke tafasa tun kafin a ɗauke wuta ya koma sai an ɗauke yana nan da ɗan ɗumi, dole a ƙarasa a tukunya, itace yana ta raguwa. In an juye duro sai ka ga farin ɓarɓashi kwance a gindi. Zannuwan jaririya da ake wankewa kullum suka yi tauri kamar buhu. Na ji matata tana cewa fatar yarinyar ta bushe ta yi furu-furu tana ƙaiƙayi, ita kuma jaririyar da idona na ga wuyanta ya yi ja da ƙuraje. Na fara sayen ruwan leda don sha da wankan jaririya. Amma duro safe da yamma ba a cika shi da leda.

Na ɗebi ɓarɓashin a 'yar takarda na tafi wurin Alhaji bayan la'asar. Yana kan benci a ƙofar gidansa da mutanensa.

"Alhaji, dubi abin da muke sha."

Ya leƙa ta saman tabarau. "Malam, ka bar gero ka koma gishiri?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya, irin wadda ake yi wa mai kuɗi tun bai rufe baki ba.

"Daga famfonka ya fito. Ina da mai jego a gida. An ce akwai wani abin tacewa da ake haɗa wa tanki."

"An ce. Su wa suka ce? Malam, ni rami na haƙa, abin da Allah ya ajiye a ƙasa shi ya fito. Ko so kake in sauka in zuba mashi sukari?"

"Kai shi kake sha?"

"Mutum nawa ya kashe a layin nan? Kawo mani gawa ɗaya."

"Na ce kai shi kake sha?"

A gefen ƙafarsa ga ƙunshin ruwan leda nan an yage, kuma duk unguwa ta san motar tanki ce ke kawo wa gidansa ruwan wanka daga wani wuri. Ya ce in ba na so in je in cire bututuna, akwai masu jira. Na tsaya ina kallon shi. Da ba ni da mai jego a gida, da na faɗa mashi maganar da ko a makabarta ba za mu ƙara gaisawa ba. Na nannaɗe takardata na dawo.

Ana nan sai surukina ya bugo waya, ya ce gobe Gwaggo za ta zo duba su.

Matata mace ce mai tsabta har ta yi yawa. In ta wanke tukunya da toka da yashi kana ganin haƙoranka a jiki. Tunda muke ban taɓa ganin ta bar ƙanzo ya kwana a tukunya ba. Da ta ji Gwaggo za ta zo sai ta birkice gidan, ta share, ta wanke, ta sake wankewa. Ta zo kan hita ta tsaya. A idonta wannan farin abu dauɗa ce, kuma suruka za ta zo ta ga da abin da ake dafa wa matar ɗanta ruwa, ta koma Tamawa ta ce an kai yarinya gidan ƙazamai. Ta sa toka da soson ƙarfe, bai fita ba. Sai ta ɗauko wuƙa ta zauna a kan kujera 'yar tsugune ta yi ta kankara, inda ya ƙi ta ƙwanƙwasa da bayan wuƙar. Har yanka ta yi a yatsa. Na dawo na tarar da hita rataye a ƙusa tana walƙiya.

"Malam, ka ga ta dawo sabuwa."

Na ce, "Kai, sannu da aiki." Har cikin raina na yaba.

Wa ya taɓa gaya mana ƙarfen nan ɗan siririn bututu ne, wayar wuta na cikinsa? Rubutun da ke jikin kwalin ko Turanci ba ne, wasu 'yan zane-zane ne kamar kaza ta yi tono. Tun da aka haifi matata, duk abin da ya kama ƙanzo kankare shi ake yi. Wanda duk ya ce laifinta ne, ya zo ya faɗa a gabana.

Da yamman ba a kawo wuta ba, da itace aka yi wanka. Da safe aka kawo, aka tsoma hita. Gwaggo kuwa motar farko ta biyo, don ta riski wankan safe ta gani da idonta. Ban tafi kasuwa ba, na tsaya mu gaisa. 'Yar tsohuwa ce firit, amma muryarta ta cika gida. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta shige ɗaki, ni ina tsakar gida ina ji.

"Ina ƙawar tawa? Miƙo ta nan. La'ilaha illallahu! Wa ya barbaɗa wa ɗiyar mutane toka? Ku dubi wuya! Ke kuma haka ake jego a birni? Kin yi fari kamar a injin niƙa kika kwana."

Matata ta ce, "Ruwan ne, Gwaggo, yana da ɗan zartsi."

"Ɗan zartsi. To. Ina murhun wankan? Tun daga ƙofar gida nake baza hanci ban ji hayaƙi ba."

Aka fito da ita aka nuna mata duron roba a lungun banɗaki, waya ta fito daga ciki ta bi bango.

"Wannan ne? Ruwan da bai ga harshen wuta ba shi zai gasa ƙashin mai jego? Kauce in ji."

"Gwaggo, bari a cire..."

Ina! Ta riga ta naɗe hannun riga ta zurma hannu har gwiwa, ƙafarta ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Ƙarar da ta yi ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Ta sandare a tsaye, baki buɗe, sannan wutar ta yi jifa da ita ta bugu da bango. Ban san lokacin da na tsallake turmi na fizge wayar ba. Tana kwance, ɗankwali ya faɗi, furfura a waje, hannun yana ta rawa shi kaɗai. Matata na salati, yara na kuka, maƙwabta suka cika gida. Wata ta ce a ɗura mata madara, aka fasa gwangwani aka ɗura mata. Yarinyar ta fito da jaririya a kafaɗa ta tsaya a bakin ƙofa, ko motsi ba ta yi.

Allah ya sa da sauran kwana. Da ta dawo hayyacinta na ɗauka za ta tara mana unguwa da zagi. Da ta yi haka ma da ya fi mani sauƙi. Sai ta ɗaura ɗankwalinta a hankali, ta ce a kira mata ɗanta a waya. Aka kira aka kara mata a kunne.

"Ka nemo mota ka zo. A'a, yanzu."

Sannan ta juyo wurina.

"Malam, ni tsohuwa ce, in na mutu an rage cin tuwo. Amma da ɗiyar taka ce ta sa hannu fa, da goyo a bayanta?"

"Gwaggo, tsautsayi ne. Yau ɗin nan zan nemo itace duk inda yake, an bar hita har abada."

"Itacen zai canja ruwan? Ka dubi wuyan yarinyar nan da kyau. A Tamawa rijiyata na nan, kara na nan tari guda, ni ma ina nan. Abin da ya rage ni zan yi."

To a nan ne aka ɗaure ni. Da ɗiyata ta biyu ce ko ta uku, wallahi da na tsaya a bakin zaure na ce ba inda za ta, in ya so a kira liman. Da na ce zan ɗauko ruwa daga Birchi a jarka kullum, ko da awon zai tsaya. Amma ɗiyar fari? In buɗe baki a gaban suruka da matan unguwa in ce a bar mani ita? Kafin magariba labari ya kai Kurfi cewa mutumin nan ba ya da kunya, yana kuka a kan ɗiyar fari kamar wani ɗan zamani. Na dubi matata, tana tsaye da yatsa ɗaure da tsumma, hawaye na zuba, ita ma bakinta a ɗinke. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba huruminta ba ne ta yi magana. Gida cike da mutane, ba wanda ya ce, "Haba Gwaggo, a yi haƙuri." Ko mutum ɗaya. Kallo suka zo.

Na ce, "Ɗiyarku ce. Yadda kuka gani."

Abin da ake so namiji ya faɗa ke nan, na kuwa faɗa, har wata tsohuwar maƙwabciya ta ce, "Allah ya biya ka, Malam."

Yaron ya zo da mota wajen hantsi, idonsa a ƙasa, yana ta cewa, "Baba, ni na kawo hitar, laifina ne, a yafe mani." Na ce ba laifinsa. Aka yi ta fitar da kaya ta gabana, baho, akwati, ƙullin yaji, garin kunu da matata ta daka da hannunta. Ina zaune a zaure ina jan carbi ban san abin da nake ja ba. Yarinyar ta zo wucewa ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, za mu tafi."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Ban ce a miƙo mani amarya ba, don na san in na buɗe baki da wasa muryata za ta tona ni. Ko rabin arba'in ba a kai ba.

Bayan kwana biyu na ɗauki hitar na kai wa wani mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa, don in san abin da ya faru. Ya ɗaga ta a rana ya nuna mani wata 'yar tsaga, ko kaurin gashi ba ta kai ba. Ya ce ai ba a kankarewa, a ruwan tsamiya ake jiƙa ta ta kwana, ƙanzon ya zube da kansa. Tsamiya! Tsamiyar da buhunanta ke jibge a rumfar da ke kusa da tawa. Tsamiyar da matata ke jiƙawa kullum don kunu. Na wuce shagon da ake sayar da irin hitar na tambayi mai shagon ko ya san haka. Ya ce ya sani mana. Na ce to don me ba ka gaya wa mutane, kana sayar wa garin da ka san ruwansa? Ya ce, "Baba, ni saye da sayarwa nake yi, ba makaranta na buɗe ba." A gabansa na jefa hitar cikin kwata. Maganar tsamiya kuwa har yau ban gaya wa matata ba. In ta ji abin na cikin kwanonta tun farko, ban san yadda za ta yi da ranta ba.

Matata ta daina zuwa gidan biki, don matan layi sun samu abin taunawa: an ƙwace masu mai jego, sun kusa kashe suruka. Alhaji kuwa ya tare ni a ƙofar masallaci ya miƙo hannu, ya ce, "Malam, ashe tsautsayi aka yi? Allah ya kiyaye gaba. Kayan wutan nan sai a hankali." Kayan wuta. Na ba shi hannu don a ƙofar ɗakin Allah muke. Da wata ya ƙare yaransa suka zo karɓa, na biya. Har yau ina biya. Ina zan samu wani ruwan?

Sau ɗaya na je Tamawa kafin arba'in, na ce wake na je dubawa a ƙauye, na biyo. Aka shimfiɗa mani tabarma a zaure, mazan gidan suka zauna taya ni hira, ana ta maganar taki da tsadar shanu. Can aka miƙo jaririyar. Wuyanta ya warke sumul, fatarta na sheƙi, ta yi kumatu. Tsohuwar ta yi gaskiya, kuma wannan ne ya fi ci mani rai, don ban samu ko abin da zan riƙe in ce sun cuce ni ba. Na riƙe ta na ce, "Ke amarya, kin gudu kin bar ni," sai maganar ta tsaya nan. Gidan babba ne, ɗakunan mata na can ciki da nisa, ba mai ji sai waɗannan ƙattin da ke zaune suna murmushi. Na miƙa ta. Da zan tashi yarinyar ta zo ta durƙusa a bayan ƙofar zaure, ban ga fuskarta ba sai gefen mayafi.

"Baba, ina wuni. Ya su Inna?"

"Lafiya lau suke."

"A gaishe su."

"Za su ji."

Na hau babur na dawo.

Ranar arba'in mu ya kamata mu yi mata kitso da lalle, mu haɗa gara, mata su raka ta ɗakinta daga ƙofar gidana. A Tamawa aka yi. Matata ta ɗauki garar a mota ta kai, aka ba ta wuri ta zauna cikin baƙi, aka sa mata albarka, ta dawo da yamma da 'yar ledar cincin.

Bara ta sake haihuwa, namiji. A ɗakinta ta yi wanka, yadda ake yi. Mun je suna da safe, mun ci shinkafa, kafin la'asar muna gida.